Na sayi jirgin shaƙatawa mai GPS da na'urar auna zurfi, sun ishe ni in fita da iyalina?

Wani mai karatu ya rubuto cewa ya sayi ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, tsawonsa mita biyar da rabi, da inji mai ƙarfin doki 60 rataye a bayansa. Jirgin ya zo da allon taswira mai GPS da na'urar auna zurfin ruwa. Yana so ya san ko waɗannan sun wadatar ya fara fita da maiɗakinsa da yara a tafki da kogi, da kuma abin da zai kiyaye don kada ya cuci sauran masu amfani da ruwan.

Malam, ba su wadatar ba. Na'urorin suna da amfani ƙwarai, amma aikinsu bai wuce su gaya maka inda kake da abin da ke ƙarƙashinka ba. Ba sa hana mutum faɗawa ruwa, ba sa hana inji mutuwa a tsakiyar tafki. Rahoton haɗurran jiragen shaƙatawa da rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ke fitarwa kowace shekara kusan abu ɗaya yake maimaitawa: wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka mutu nutsewa suka yi, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse ba sa sanye da rigar ceto, kuma barasa ce kan gaba cikin dalilan da aka gano. Babu allon da zai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Don haka bari mu fara da kayan da suka fi komai araha a jirgin naka.

Na farko ita ce jar igiyar kashe inji. Bakinta ɗaya yana maƙale a wani makunni kusa da sitiyari, ɗaya bakin kuma a jikinka zai kasance. Ka zagaya ta a cinyarka, sama da gwiwa, ka maƙala ƙugiyar a jikin igiyar kanta. A hannu takan sarƙe da sitiyari ko ta zame. Dalilinta shi ne idan igiyar ruwa ta jefar da direba, jirgin ba ya tafiya gaba abinsa. Juyin farfela yana karkatar da injin gefe ɗaya, sai jirgin ya riƙa kewaye yana dawowa daidai inda mutumin ya faɗa, farfela na wulwulawa. Kowace fita ka gwada ta: ka ta da inji, ka fizge igiyar, dole ya mutu nan take. Idan ta saki ta daina naɗewa, ko rana ta busar da ita, ka canza. Ka kuma ajiye ta biyu a inda kowa ya sani, domin in kai ne ka faɗa da taka a ƙafa, waɗanda suka rage a jirgi ba su da abin ta da inji su dawo gare ka. Yanzu akwai irin ta zamani mara igiya, wani ɗan maɓalli da ake ɗaurawa a hannu wanda ke kashe inji da zarar ya nutse ko ya yi nisa. Yana da kyau, sai dai batirinsa ma abin dubawa ne. A Amurka tun Afrilun 2021 doka ta wajabta amfani da wannan makunni a jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu.

Rigar ceto kuwa iri-iri ce, kuma lambar da ke jikinta ita ce ƙarfin ɗagawarta da ma'aunin niwton: 50, 100, 150 ko 275. Mai 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yana kusa da gaɓa, ba za ta juyo da fuskar wanda ya suma sama ba. Ga iyali ka nemi mai 100 a ruwa mai kwanciya, mai 150 a buɗaɗɗen ruwa. Ta yaro da nauyinsa ake saya, ba a sayen babba a ce zai girma ya cika ta. Gwajinta mai sauƙi ne: ka ɗaure masa ita, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga, in ta haura kunnuwansa, a ruwa zamewa zai yi ta ƙasa. Shi ya sa maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu yake da muhimmanci, ga manya ma. Rigar da ke kumbura da kanta tana da 'yar kwalbar iskar gas, yawanci mai giram 33 a rigar 150. Kwalbar takan kwance da jijjigar jirgi, saboda haka ka riƙa ɗaure ta da hannu kana duba tsatsa, sau ɗaya a shekara kuma ka hura rigar da baki ka bar ta ta kwana ka ga ko ta sace. Kuma a jiki ake barinta tun daga gaɓa. A ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 na ma'aunin Selsiyas, minti na farko mutum ba ya iya riƙe numfashinsa, balle ya lalubi rigar da ke cikin akwati.

Sai kaya. A jikin jirgin akwai 'yar farantin da ta faɗi yawan mutane da nauyin da zai ɗauka. A ƙa'idar Turai kilo 75 ake ƙiyasta wa kowane mutum, kuma mai da akwatin ƙanƙara da anka duk suna cikin lissafin, saboda haka nauyin za ka bi, ba yawan kawuna ba. Ka raba nauyin daidai, ƙasa-ƙasa. Kada kowa ya zauna a goshin jirgi yana lilo da ƙafafu. In ya zame, ƙarƙashin jirgi zai bi zuwa farfela. Ƙaramin jirgi yawanci ta baya yake shan ruwa, inda bangonsa ya fi gajarta saboda inji. Idan mutane sun taru a baya ka kuma sauke totur farat ɗaya, igiyar ruwan da ke bin ka za ta hauro ciki. Saboda wannan ne ma ba a taɓa ɗaure anka a bayan jirgi.

Kafin ka sauke jirgi daga tirela, ka sa hannunka ka taɓa toshin magudanar baya, ka tabbata yana toshe da ramin. Rami mai faɗin santimita biyu da rabi, a zurfin santimita 30, yana shigo da lita 40 zuwa 70 a minti ɗaya. Ƙaramin famfon kwashe ruwa da wuya ya riƙe wannan, domin adadin da aka rubuta a jikinsa an auna shi ne ba tare da tiyo ba, ba tare da hawa ba. Ka ajiye bokiti.

Yanzu inji, wanda shi ne ya fi sa a kira neman agaji. Injin fetur mai ƙarfin doki 60 yana shan wajen lita 20 zuwa 23 a awa idan an buɗe masa totur duka, a matsakaicin gudu kuma kusan rabin haka. Ka raba manka uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya, domin dawowa gaba da iska ko gaba da kwararar kogi ta fi cin mai. Kada ka dogara da allurar tanki, a ruwa rawa take yi. Ka rubuta awannin da injin ya yi da litar da ka zuba har ka san cin jirginka. Idan tankin ɗauka kake amfani da shi, a murfinsa akwai ɗan noti na shaƙar iska. In ka manta ba ka kwance shi ba, injin zai tashi lafiya, ya yi 'yan mintoci, sannan ya fara shiɗewa ya mutu, ka tarar robar matsa mai da ke jikin tiyo ta lotse. Wannan ne abu na farko da za ka duba. Na biyu ruwa a cikin mai. Fetur mai itanol, wani sinadarin da ake gauraya wa mai, yana jan laima, in ya daɗe a tanki sai ruwa da itanol su ware su kwanta a ƙasa, daidai inda bututun ke zuƙa. Maganinsa filta mai raba ruwa da mai, ta maikron 10, a tsakanin tanki da inji, da kuma ta biyu a ajiye tare da abin kwance ta. Tankin ɗauka a gaɓa ake cika shi, ba a cikin jirgi ba, saboda tururin fetur ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya taru a ƙasan jirgi inda batir da wayoyi suke.

Da ka ta da inji, ka waiwaya ka ga siririn ruwan da yake fesowa ta gefe. Shi ne shaidar cewa famfon sanyaya yana aiki. Zuciyar famfon ita ce imfela, 'yar roba mai fukafukai a ƙafar inji, kuma ruwa ne ke sa ta santsi. In aka ta da inji a busasshe ko na ƙasa da minti ɗaya ne, takan ƙone. Ka canza ta duk shekara biyu zuwa uku ko yadda littafin injinka ya ce, ko da ba ta nuna alama ba, don roba tana ƙagewa da zama. Idan ƙararrawar zafi ta yi kuka kana tafiya, ka sa giya a firi, ka kashe, ka ɗaga ƙafar injin ka duba ramukan shan ruwa. Sau da yawa leda ce ko ciyawa. Ka cire, ka sauke, ka ta da shi, ka sake duba feshin. Baƙin mai ana canza shi bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100 ko shekara guda. Man giyar ƙafa in ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, kuma mai laifin yawanci zaren kamun kifi ne da ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare mai. Ka riƙa cire farfela lokaci-lokaci ka duba. Ƙananan ƙarafan da aka ɗaura wa ƙafar inji don tsatsa ta ci su a madadinsa, zinki na ruwan gishiri ne, magniziyam na ruwan daɗi, alminiyum yana yin duka biyun. Ba a yi musu fenti, in sun cinye rabi a canza.

Batir cikakke yana nuna volt 12.6 a hutawa, 12.2 rabi ne. Fis ɗin babbar waya ya kasance kusa da batir, cikin santimita 18, kuma a ɗaure batirin kada ya yi yawo.

To, ga na'urorin da ka tambaya. GPS yana sanin wurinka da kuskuren 'yan mitoci kaɗan, amma taswirar da yake ɗora ka a kai wasu ne suka auna ta, wani lokaci shekaru da yawa baya. Tudun yashi a kogi yana ƙaura bayan kowace ambaliya. Tafkin madatsa yana hawa yana sauka, kututturan da ke zurfin mita uku a wannan wata suna iya zama dab da sama bayan wata biyu. Ga kuma wata matsala ta taswirar allo: idan ka janyo hoton ya nuna wuri mai faɗi, ƙananan haɗurra suna ɓacewa daga gani. A watan Nuwamban 2014 jirgin tsere na Team Vestas Wind, da ƙwararrun matuƙa a ciki, ya hau kan duwatsun Cargados Carajos a Tekun Indiya da dare, kuma binciken da aka yi ya nuna cewa duwatsun ba sa fitowa sosai a allon sai an matso da hoton. Don haka kafin ka tashi, ka bi hanyar da ka shata daga farko zuwa ƙarshe da hoton a matse, ka ga duk abin da layin ya ratsa. Layin da na'ura ta ja maka tsakanin wuri biyu miƙaƙƙe ne, ba ruwansa da abin da ke tsakani sai in irin mai lissafin zurfi ce, ita ma da tsohuwar taswirar take lissafi.

Na'urar auna zurfi ƙasa take kallo, kuma a irin jirginka idonta a bangon baya yake. Abin da take nuna maka zurfin wurin da ka riga ka wuce ne. A gudun kilomita 37 a awa kana cin mita 10 kowace daƙiƙa, kafin lambar ta canza ƙafar injinka ta riga ta sami dutsen. Amfaninta a tafiyar sannu ne. Ka shiga saitinta ka gyara ta ta riƙa ƙirga daga ƙasan farfela, ka sa ƙararrawar rashin zurfi a mita ɗaya da rabi, kuma a ruwan da ba ka sani ba ka yi tafiyar da za ka iya tsayawa. Da dare ka rage hasken allon sosai. Ido yana buƙatar wajen minti 20 kafin ya saba da duhu, kallo ɗaya na allo mai haske ya ɓata wannan.

Abin da zan ce ka ƙara saya kafin kowace na'ura shi ne rediyon VHF, wanda jirage ke magana da juna da shi, inda ake amfani da shi. Waya mutum ɗaya take kira, kuma takan rasa sabis. Rediyo duk jirgin da ke kusa yana jin ka. Tasha ta 16 ita ce ta neman agaji. Na girke yana da ƙarfin wat 25, na hannu 5 ko 6, kuma nisan da yake kaiwa ya dogara da tsayin eriya. Jan maɓallin gaggawa da ke jikinsa ba ya cika aikinsa sai an yi rajista an sa masa lambar shaida ta MMSI mai alƙaluma tara, an kuma haɗa shi da GPS. Rediyoyi da yawa suna yawo babu ko ɗaya. In za ka yi nisa da jama'a, akwai 'yar na'urar aljihu mai aika siginar neman ceto ta tauraron ɗan'adam a zangon megahaz 406. Duk da haka ka bar wa wani a gaɓa bayanin inda za ka, mutum nawa ne, da lokacin da in ba ka dawo ba zai nemi taimako.

Dokokin haɗuwa a ruwa sun samo asali daga yarjejeniyar hana karo ta 1972 ta Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1977. Koguna da tafkuna suna da nasu ƙarin dokoki, da batun lasisi da rajista, waɗannan sai ka tambayi hukumar ruwan da za ka shiga. Amma ginshiƙin ɗaya ne. In kun fuskanci juna, kowa ya karkata damansa. In hanyoyinku za su gitta, wanda ya ga ɗan'uwansa a damansa shi ne zai kauce, ya bi ta bayansa. Mai wucewa shi ke da alhakin kaucewa har ya wuce sarai. Mai inji yana ba jirgin ruwa mai tafiya da iska hanya, kuma ƙaramin jirgi ba ya tare wa babba mashigin da babban ba zai iya fita daga cikinsa ba. Kaucewarka ta zama da wuri kuma babba, yadda ɗayan zai gane nufinka. In ka ga jirgi yana ƙara girma amma kusurwar da kake hango shi ba ta canzawa, karo za ku yi. Da dare jar fitila hagu ce, koriya dama. Ganin duka biyun yana nufin kanka ya nufo. Alamomin da ke shawagi a mashigi kuwa sun rabu biyu a duniya: a Turai da Afirka da yawancin Asiya ja yana hagunka idan kana shigowa daga teku, a nahiyar Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin yana damanka.

Ka duba hasashen yanayi kafin fita. Ga jirgi irin naka da yara a ciki, iskar da ta kai kilomita 25 zuwa 30 a awa a buɗaɗɗen tafki ta isa a fasa, musamman in tana busowa gaba da kwararar ruwa, don a nan igiyoyi suke tsayuwa su matsu. In ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙu zuwa tsawa, kowace uku kilomita ɗaya ce. Ƙasa da 30 ka nemi gaɓa. Kada ka kusanci madatsa ta sama ko ta ƙasa, ƙaramar da ruwa ke malala ta kanta ma, domin a gindinta ruwan yana juyawa baya ya riƙe duk abin da ya shiga.

Fitarku ta farko ta zama ta koyo, a ruwa mai kwanciya, kuma maiɗakinka ta riƙe sitiyari har ta iya ta da inji, ta tsayar, ta yi kira a rediyo. Ku jefa jarka a ruwa ku ɗauka mutum ne: ɗaya ya nuna ta da hannu kada ya ɗauke ido, direba ya zagayo ya tunkare ta a hankali yana fuskantar iska, ya kashe inji kafin a kai hannu. Giya a firi ba ta isa ba, gwiwa takan bugi totur. Haka in yara za su yi iyo, a kashe inji gaba ɗaya, saboda farfela da kuma hayaƙin kabon monoksaid da ke taruwa a bayan jirgi, ba shi da wari.

Game da haƙƙin sauran jama'a, babban abin da sababbin direbobi ba sa lura da shi yana bayansu. Igiyar ruwan da jirginka ya tayar alhakinka ce har inda ta kai. Kuma ta fi girma a matsakaicin gudu, lokacin da goshin jirgi ya ɗaga bayansa ya nutse. Mutum ya ga kwale-kwalen masunci sai ya rage totur rabi yana ganin ya kyauta, alhali ya aika masa da igiyar da ta fi ta ɗazu. In za ka rage, ka rage duka, zuwa wajen kilomita 8 a awa, jirgin ya kwanta daidai, tun kafin ka iso. Haka kusa da masu iyo, da jiragen da ke ɗaure, da gaɓa mai laushi inda igiya ke zaftare ƙasa ta cika sheƙar tsuntsaye da ruwa. Jerin gorunan roba a kan ruwa alamar raga ce, ka zagaya ta ƙarshensa. Tuta mai fari da shuɗi, ko ja mai farin layi a karkace, tana nufin akwai masu nutso a ƙasa.

Anka a yashi ko laka ake sauke ta, ba a kan ciyawar ƙarƙashin ruwa ko murjani ba. Ciyawar Posidonia ta Bahar Rum 'yan santimita kaɗan take yaɗuwa a shekara, abin da anka ɗaya ta tumɓuke sai an yi shekaru masu yawa. Ka saki igiya ninki biyar zuwa bakwai na zurfin, ka haɗa da tsayin goshin jirgi a lissafin. In mai ya zube kada ka watsa masa sabulu, nutsar da shi kawai yake yi. Da tsumman tsotse mai ake kwashewa. Leda da zaren kamun kifi su dawo gaɓa tare da kai, ƙa'idar MARPOL, yarjejeniyar duniya ta hana jirage gurɓata teku, ta hana zubar da roba a teku tun ƙarshen 1988.

Idan za ka kai jirgin wani ruwa dabam, ka wanke shi tukuna. Wani ƙaramin ƙwaron ruwa mai ɓawo da zane-zane da aka gano a manyan tafkunan Arewacin Amurka a 1988 ya shigo ne cikin ruwan da manyan jirage ke ɗauka don daidaita nauyi, daga nan jiragen shaƙatawa a kan tirela suka taimaka wajen kai shi tafkunan cikin ƙasa, inda yake toshe bututun ruwa. 'Ya'yansa ido ba ya ganinsu, a ɗan ruwan da ya rage a ƙasan jirgi suke tafiya. Tun a bakin ruwan da ka fito ka cire ciyawa da laka daga farfela da anka da igiya da tayoyin tirela, ka zare toshin baya, ka sauke ƙafar inji tsaye ruwan cikinta ya tsiyaye. In akwai ruwan zafi mai digiri 60 ka wanke da shi, in babu ka bar jirgin ya bushe kwana biyar kafin ya shiga wani ruwan.